Wa Ke Duba Aikin Masana?

Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mun cika, ga Dakta Hadiza, ga Barista Umar. Batunmu binciken da masana ke yi a yanzu, amma ba jero muku labarai za mu yi ba. Tambaya ɗaya na zo da ita: idan masani ya ce ya gano abu, wa ke tabbatar da cewa haka ne? Dakta, kin tuna LK-99?

Hadiza: Ina zan manta, Malam Bashir? Har barcin wasu ya hana.

Bashir: Ga waɗanda ba su ji ba, a watan Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce sun haɗa wani abu da dalma da tagulla, wanda wutar lantarki ke ratsa shi ba tare da turjiya ko asara ba, kuma a zafin ɗaki. Irin waɗannan abubuwa akwai su tun 1911, amma sai an sanyaya su ƙwarai ko an matse su da ƙarfin gaske. Suka saki bidiyo, ga ɗan gutsuren abin ya ɗaga gefe guda a kan maganaɗisu. Intanet ta ɗauka.

Umar: Sai aka yi yaya?

Bashir: Kafin watan Agusta ya ƙare magana ta mutu. Ɗakunan gwaji a China da Amurka da Turai kowa ya haɗa nasa. Aka gano cewa faɗuwar turjiyar da suka gani wajen digiri 104 na ma'aunin Celsius daga wani gurɓataccen sinadari ne da ya cakuɗu a ciki, haɗin tagulla da farar wuta. Cibiyar Max Planck da ke Stuttgart a Jamus ta haɗa tsantsar abin, sai ga shi ko wutar ma ba ya ɗauka. Ni wannan labarin daɗi yake mini, domin fizis ke nan: ka faɗi yadda ka yi, wani ya maimaita.

Hadiza: Ku dai kun huta. A lissafi fa, me za a maimaita?

Bashir: To nan ne abin ya ɗaure kai. Hujjar lissafi karanta ta ake yi layi-layi, ga shi yanzu wasu hujjojin sun fi ƙarfin mai karatu. A 1998 Thomas Hales ya kawo hujja kan hasashen Kepler na 1611, wato hanyar da ta fi cin wuri kaɗan wajen jera ƙwallaye ita ce yadda mai lemo ke tara lemonsa dala-dala. Masu dubawa suka share shekaru a kai, ƙarshe suka ce sun gamsu kashi 99 cikin 100. Hales bai ji daɗin ragowar ɗayan nan ba, ya tara mutane suka mayar da hujjar gaba ɗaya zuwa yaren da kwamfuta ke iya tantancewa, ba su gama ba sai 2014.

Umar: Shekara 16 saboda kashi ɗaya? Allah Ya ba shi lada.

Bashir: Wanda ya fi burge ni Peter Scholze ne na jami'ar Bonn, mai lambar Fields ta 2018, babbar lambar yabo ta masana lissafi. A Disambar 2020 ya fito fili ya ce akwai wata hujja da ya yi da Dustin Clausen wadda hankalinsa bai kwanta da ita ba, kuma yana ganin ba wanda ya zauna ya bi ta daki-daki. Ya roƙi masu aiki da Lean, manhajar da ke tantance hujjojin lissafi, su duba masa. Johan Commelin ya ja tawagar, a Yulin 2022 suka kammala. Hujjar ta tsaya daram.

Hadiza: Namu ɓangaren bai da wannan gatan. Ka ɗauki AlphaFold, ƙirƙirarriyar basirar da ke hasashen yadda furotin ke naɗe kansa. Ta fitar da siffofi sama da miliyan 200, har ta kai Demis Hassabis da John Jumper ga kyautar Nobel ta 2024 tare da David Baker. Amma hasashe ne, ita kanta tana nuna maka inda ta tabbata da inda take lalube. Mai haɗa magani dole ya koma ɗakin gwaji. Haka maganin sikila na Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta bi a Disamba. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a taɓa wani sashe na gadon halittarsu da CRISPR, wato fasahar gyara gadon halitta, sai jiki ya koma yin irin haemogilobin na jarirai wanda ba ya lanƙwashe ƙwayar jini. Yana aiki, amma an ce a ci gaba da bibiyar waɗanda aka yi wa har shekara 15. Jikin ɗan Adam ba a yi masa gaggawa.

Umar: To ku duka kuna da abin da alƙali ba shi da shi, wato lokaci. Malam Bashir ya jira shekara 16, Dakta ta jira 15. Alƙali kuwa ga wanda ake tuhuma tsaye a gabansa, dole ya yanke. Bari in ba ku shari'ar Sally Clark a Ingila. 'Ya'yanta maza biyu suka rasu suna jarirai, aka tuhume ta da kisa, aka ɗaure ta a 1999. Wani likitan yara ya shaida wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su mutu haka kawai a gida irin nata ɗaya ne cikin miliyan 73.

Bashir: Na san lissafin. Ɗaya cikin 8,543 ya ɗauka ya ninka da kansa, kamar mutuwar farko ba ta da alaƙa da ta biyu. Alhali uwa ɗaya uba ɗaya, gadon halitta ɗaya, gida ɗaya.

Umar: Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito ta yi tir da shi a 2001. Akwai kuskure na biyu ma: ƙarancin yiwuwar mutuwar ba shi ne yiwuwar rashin laifinta ba, domin uwa ta kashe 'ya'yanta biyu shi ma ba kasafai ake gani ba. Biyun ya kamata a auna. A 2003 aka soke hukuncin, bayan an gano wani sakamakon gwaji da ke nuna ɗaya daga cikin yaran yana ɗauke da ƙwayar cuta, wanda ba a kawo wa kotu ba.

Hadiza: Barista, ta Ostareliya ta fi taɓa ni. Kathleen Folbigg, 'ya'ya huɗu ta rasa tsakanin 1989 da 1999, aka ɗaure ta a 2003, an ma kafa hujja da abin da ta rubuta a littafin sirrinta. Daga baya Carola Vinuesa da abokan aikinta suka karanta gadon halittarta da na yaran. Suka tarar ita da 'ya'yanta mata biyu suna ɗauke da wani sauyi a CALM2, sashen gadon halitta da ke sarrafa furotin mai daidaita bugun zuciya. Ba su tsaya nan ba, aka haɗa furotin ɗin a ɗakin gwaji aka ga lallai ba ya riƙe sinadarin kalsiyam yadda ya kamata. A 2021 masana kimanin 90 suka sa hannu suna neman a sake ta. An yi mata afuwa a Yunin 2023, aka soke hukuncin a Disamba. Shekara 20 a kurkuku, Barista.

Umar: Inna lillahi. Amma Dakta, ki yi wa kotun 2003 adalci, gwajin da ya wanke ta bai zo hannun kowa ba a lokacin.

Hadiza: Na yarda gwajin bai zo ba. Amma da likita ya ce bai san abin da ya kashe yaro ba, bai kamata a ji shi kamar ya ce kashe shi aka yi ba.

Umar: A nan kam ba ni da ja. Shi ya sa masu binciken shari'a ke ta muhawara kan yadda za a tace shaidar masana. A Amurka tun hukuncin Daubert na 1993 aka ɗora wa alƙali aikin mai gadin ƙofa: ya tambaya an gwada hanyar? Sauran masana sun duba? Sau nawa take kuskure? Sai dai alƙalin doka ya karanta, ba ƙididdiga ba. Wasu na ganin kotu ta riƙa naɗa nata masanin da ba na kowane ɓangare ba, wasu na cewa in an yi haka an miƙa masa shari'ar ke nan.

Bashir: Kai kana ina?

Umar: Ina tare da na farko, da sharaɗin lauyoyin ɓangarorin biyu su yi masa tambayoyi son ransu.

Hadiza: Ni kuma zan ƙara da cewa a sauƙaƙa sake buɗe shari'a idan sabon ilimi ya fito.

Umar: Wannan sai mun ware masa shiri guda, don lauyoyi ba za su bar ki ki wuce da shi haka ba.

Bashir: To an ɗaga zaman, lokaci ya cimmana. Dakta, Barista, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.