Sharhi: Sola Ta Shigo Fadama, Ina Makomar Mai Gyaran Inji?

Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro.

Duk wanda ya ratsa fadamar Argungu lokacin noman rani zai ga sauyi: faifan sola jingine a bakin gona, ruwa na kwarara cikin shinkafa, ba hayaƙi ba ƙara. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga kimanin naira 200 har ta haura 1,000 a 2024. Manomi ya ga injin ban-ruwa zai cinye masa riba tun kafin girbi, mai hali ya koma hasken rana. Ba mai ganin laifinsa.

Sai dai akwai waɗanda abincinsu ke cikin wannan fetur. Ba a haƙo mai a Kebbi, amma muna da masu ci da shi: ɗan bumburutu da galan da mazurari a bakin titi, yaron gidan mai, direban tanka, da bakaniken da ya tsufa yana wanke filogi, yana kwance kafireta a ƙarƙashin darbejiya. Kowane inji da aka jingine a zaure, cefanen wani gida ne ya ragu. Waɗannan bayin Allah ba su da fansho, kuma ba mai zama teburin gwamnati da sunansu.

An taɓa yin haka a ƙasar nan. Da jiragen ƙasa suka bar kwal suka koma dizal, mahaƙan Inugu ne suka kwana ciki, aikin ya durƙushe a hannunsu. A 2021, a taron duniya kan sauyin yanayi a birnin Gilasgo, Najeriya ta yi alkawarin kawo ƙarshen ƙara wa sararin samaniya hayaƙi nan da 2060. To, wa aka tanada ya riƙe hannun bakanike?

Hannun da ya iya janareta zai iya batir da inbata, in an nuna masa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi na iya buɗe gajeren horo da Hausa, da yamma, yadda ba wanda zai rufe rumfarsa. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta sakar wa jihohi mara a harkar wuta. Don haka duk kwangilar famfon sola da gwamnatin jiha za ta bayar, a sa sharaɗi cewa bakaniken garin ne zai haɗa, shi zai riƙa gyara, a kuma ba shi rancen kayan aiki da zai biya bayan girbi.