Sharhi: Bayan ƙirga ƙuri'u, sai ƙirga kujeru

Jama'a masu sauraro, a ƙasashen da ke bin tsarin firaminista, mai zaɓe ɗan majalisa ko jam'iyya yake dangwala wa, ba shugaban gwamnati ba. Wanda ya tara rinjaye a zauren majalisa shi ake kira ya kafa gwamnati. A Birtaniya kujeru 650 ne, mai 326 ya haye.

To, idan babu wanda ya kai fa? A nan ake yin ta. A zaɓen Birtaniya na 2010 jam'iyyar David Cameron ta tsaya a kujeru 306, dole ta nemi ƙawance da ta Nick Clegg mai 57, cikin kwana biyar suka daidaita. Wannan sauri ne. Jamus ta yi zaɓe a Satumbar 2017, amma sai a Maris na 2018 Angela Merkel ta kafa sabuwar gwamnati. Beljiyam kuwa kwana 541 ta shafe bayan zaɓen 2010 ana kai ruwa rana, gwamnatin riƙo na lallaɓa ƙasa.

Da yawa suna kallon wannan zama a matsayin cinikin muƙamai, a ba mu ma'aikatar kuɗi mu ɗaga muku hannu. Akwai hakan, ba na musu. Amma ni a ganina, a wannan teburin ne ƙuri'ar wanda ya zaɓi ƙaramar jam'iyya take yin magana, domin babba ba ta isa ta yi gaban kanta ba. Abin da ya kamata a matsa a kai shi ne a fito da yarjejeniyar fili. Jamusawa rubuta tasu suke yi a wallafa, kuma a 2018 sai da mambobin SPD, jam'iyyar da ta yi ƙawance da ta Merkel, suka kaɗa ƙuri'ar amincewa kafin jam'iyyarsu ta shiga gwamnati. Mai zaɓe ya samu takardar da zai riƙe ya tuhume su da ita gobe.

Kuma rantsar da firaminista ba ya nufin ya miƙe ƙafa. Kullum kujerarsa a hannun majalisa take, ƙawa ɗaya ta janye, lissafi ya rushe. A Afrilun 1999 haka ta faru da Atal Bihari Vajpayee na Indiya: wata jam'iyyar ƙawance ta juya masa baya, aka kaɗa ƙuri'ar amincewa, ya samu 269, masu adawa 270. Gwamnati ta faɗi, ƙasar ta sake komawa rumfunan zaɓe.