An riga an haifi 'yan aji ɗaya na shekaru masu zuwa

Duk lokacin da aka tayar da maganar ƙidaya, sai saƙonnin murya su cika WhatsApp cewa wai gwamnati za ta ƙayyade wa magidanta yawan 'ya'yan da za su haifa. Abin da ake jingina jita-jitar da shi shi ne manufar ƙasa kan yawan jama'a, wadda aka fitar a 1988, aka yi mata kwaskwarima a 2004, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabuwarta a Fabrairun 2022. Takardar tsare-tsare ce, babu tara a cikinta, babu ɗauri. Tushen gyare-gyaren da aka yi mata daga baya kuwa alkawarin da Najeriya da sauran ƙasashe suka ɗauka a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994, cewa za su riƙa sanya lissafin jama'a cikin shirin raya ƙasa.

Yadda ake yin lissafin ne mutane da yawa ba su fahimta ba, kuma a nan za mu daɗe.

Ƙidayar ƙarshe an yi ta ne a 2006, inda aka samu mutum miliyan 140 a ƙasa baki ɗaya, Kano tana da kimanin miliyan 9.4, Jigawa kuma kimanin miliyan 4.3. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka duk adadin da kuka ji ana ambata yau hasashe ne da aka ɗora a kan na 2006. Idan jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin ɗari a shekara, cikin kimanin shekara 23 za su ninka. Ku lissafa daga 2006 da kanku.

Sai dai jimilla kaɗai ba ta gina aji. Mai tsara kasafi yana so ya san shekarun mutanen ne, kamar yadda maigida ba ya auna rumbunsa da yawan kawuna kawai sai ya san nawa ne ke iya riƙe fartanya, nawa ne kuma ake ciyarwa. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon nan zai nemi gurbi a aji ɗaya bayan shekara 6, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta masa karatun shekara 9 kyauta. A ƙaddara an haifi jarirai 400 bana a wata mazaɓa. Idan aji zai ɗauki 40, ana buƙatar ajujuwa 10 da malamai 10. Malamin kuwa sai ya yi shekara 3 a kwalejin ilimi, irin ta Gumel, kafin ya samu takardar shaidar malanta ta NCE. Wanda ya jira sai yaran sun iso bakin makaranta kafin ya fara neman malami ya makara, kuma a ganina wannan makarar ce ke cika aji da ɗalibai har malam ya rasa inda zai tsaya.

Akwai kuma abin da masu saƙon murya ba su lura da shi ba. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya ba su kai shekara 15 ba, wato iyayen gobe suna nan suna wasan ƙasa. Ko da kowace mace ta ba da tazara tsakanin haihuwa domin lafiyarta, jama'a za su ci gaba da ƙaruwa shekaru da dama. Lissafin ungozoma da allurar rigakafi da rijiyar burtsatse da gonar gado da ake ta rabawa duk a kan wannan ya dogara.

Tsakanin ƙidaya da ƙidaya, rajistar haihuwa ce ke gyara hasashen, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke yin ta. Katin rigakafin da uwa take riƙe da shi yana da amfaninsa, amma ba shi ne takardar haihuwa ba. Bayan ragon suna, sai uba ya tambayi asibitin mazaɓa ko sakatariyar ƙaramar hukuma inda jami'in rajista yake zama.