Fodkas: Ruwa, tumbi da hanji bayan tiyatar rage ƙiba

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Hadiza ce, tare da Anti Rabi, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a ɗakin masu tiyata, sai ƙaninmu Nura. Yau muna kan tiyatar rage ƙiba, musamman abin da ke biyo baya idan mutum ya koma gida. Anti Rabi, mutanenmu suna zuwa Masar, Turkiyya da Indiya ana yi musu, wasu ma a nan gida Najeriya. Me ake taɓawa a cikin?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Iri biyu aka fi yi. Akwai silif, inda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire, a bar siririn da ke ɗaukar mililita 100 zuwa 150. Akwai kuma baifas, wadda likita Edward Mason ya fara a Iowa ta Amurka tun shekarun 1960. A ita ana ware ɗan aljihu a saman tumbi, mililita 30 ko kusa da haka, a jona shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Tumbin da a da yake ɗaukar fiye da lita guda, ka ga inda ya koma.

Nura: Mililita 30 fa, Anti? Cokali biyu ke nan na cin abinci.

Anti Rabi: Cokali biyu, ƙanena. Shi ya sa nake so mu fara da ruwa kafin abinci. Kowa hankalinsa na kan me zai ci, alhali ƙarancin ruwa a jiki yana cikin manyan dalilan da ke mayar da mutane gadon asibiti a makonnin farko. Mai cikakken tumbi idan ya wuni bai sha ruwa ba, da yamma sai ya kwankwaɗi kofi biyu ya rama. Wanda aka yi wa tiyata ba shi da wannan damar. Abin da ya wuce shi da safe ya wuce, ba ya ramuwa da dare.

Nura: Wallahi abin da na gani ke nan a wurin yayata da aka yi wa tiyatar. Da ta dawo, ƙishirwa na cinta, ga ruwa a gabanta, amma in ta yi kurɓa uku a jere sai ƙirjinta ya ɗaure, wani lokaci ya dawo. Sai ta fara jin tsoron ruwan ma gaba ɗaya.

Hadiza: To nawa ake so mutum ya sha a rana?

Anti Rabi: Lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Mu yi lissafin da fiya wata, tunda kowa ya san ledar rabin lita ce: leda uku zuwa huɗu. Yadda ake shan shi ne aikin. Mililita 30 duk bayan minti 15, wato 120 a awa. In mutum ya yi haka na awa 14, ya haura lita ɗaya da rabi. Ka ga ashe aiki ne na wuni sukutum, daga farkawa har kwanciya. Ni nakan ce wa marasa lafiya su ɗaure shi da lokutan salla: leda ɗaya daga asuba zuwa hantsi, ta biyu ta ƙare da azahar, ta uku kafin magariba, ta huɗu a bi ta a hankali har barci. A juye ruwan a gora ko kofi, don tsotsa daga leda na sa a haɗiyi iska, ciki ya kumbura.

Hadiza: Kuma a kwanakin farko ba lallai a kai wannan adadin ba ko?

Anti Rabi: Da wuya a kai, ana hawa ne kullum kaɗan kaɗan. Amma a tuna da inda muke. Takardar da aka ba ki a asibitin waje ba ta san zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ba, inda ake haura digiri 40, gumi na zuba ko kina zaune. Lokacin hunturu ma iska na busar da jiki ba tare da an ji ƙishirwa ba. Don haka fitsari ne ma'auni. In ya yi fari-fari ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya. In ya yi duhu, ya ragu, ga bushewar baki, ciwon kai, jiri idan an miƙe, to jiki na neman ruwa. Wanda kuma yake shan maganin hawan jini mai sa fitsari, lallai likita ya sake duba masa adadin bayan tiyata, kada maganin ya ƙara tatse shi.

Nura: Yayata kuma cewa ta yi ruwan kansa ya canza mata ɗanɗano, yana tayar mata da zuciya.

Anti Rabi: Da yawa suna faɗin haka. Wani sai mai sanyi sosai yake shiga, wani sai mai ɗumi. A gwada. A ɗiga ɗan lemon tsami in ba ya tayar da ƙwannafi, ko a saka yankan kokwamba ko ganyen na'a-na'a. Romon kaza ko na kifi da aka tace, ba mai, shi ma ruwa ne, har da ɗan gishirin da jiki ke buƙata. Zoɓo marar sukari, a tsinka shi sosai. Abin da ba na sassautawa a kai shi ne lemon kwalba, saboda iskar da ke ciki da kuma sukarin. Kofi da shayi mai kauri su ma a jinkirta su a farko.

Hadiza: Anti, akwai dokar da na ji wadda ta fi ba ni mamaki, wai ba a haɗa ci da sha. Mu da ba a ajiye kwanon tuwo sai da kofin ruwa a gefe.

Anti Rabi: Ita ce ta fi wahalar da mutanenmu. A dakata da ruwa idan za a ci abinci, bayan an gama kuma a jira minti 30. Dalili biyu ne. Wurin ƙarami ne, in ruwa ya cika shi abinci ba shi da masauki, sai amai. Na biyu, ruwan na wanke abincin ya tura shi hanji da sauri, sai yunwa ta dawo da wuri, ko kuma a faɗa abin da ake kira damfin.

Nura: Wannan ɗin nake so ki yi mana bayani, don mun tsorata ranar da ya faru. Kunun zaƙi ta sha, rabin kofi. Ba a jima ba sai gumi, zuciya na bugawa, ciki na murɗawa, ta ce a kwantar da ita.

Anti Rabi: Shi ne. An fi ganinsa bayan baifas, ko da yake masu silif ma yana samunsu. A tumbi na asali akwai ƙofa a ƙasa da ke sakin abinci kaɗan kaɗan. Baifas ta tsallake wannan ƙofar. Idan abu mai zaƙi ya zubo hanji gaba ɗaya, sai ya janyo ruwa daga jini zuwa cikin hanjin. Cikin minti 10 zuwa 30 sai murɗar ciki, gudawa, gumi, bugun zuciya, kasala. Akwai kuma na baya, wanda ke zuwa awa ɗaya zuwa uku da cin abinci. Shi kuma sukari ne ya hau da sauri, jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, fiye da kima, sai sukarin ya faɗi ƙasa. Mutum ya kama rawar jiki, ido ya yi duhu, har suma.

Hadiza: Subhanallahi. Ke nan shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, fura da sukari, alawa, duk sun fita?

Anti Rabi: Mafi yawansu a ajiye su. Abin da ke ba ni tausayi, 'yan dubiya da kyakkyawar niyya suke zuwa, da lemon kwali da maltina, suna cewa sha ki ji ƙarfi. Mai jinya kuma tana jin nauyin ƙin karɓa. Dangi ya kamata a fara wayar wa kai. In har damfin na farkon ya faru, a kwanta na ɗan lokaci, yakan lafa. Na bayan kuwa, in yana maimaituwa, a gaya wa likita, a kuma riƙa auna sukari. Madara ma wasu ba sa jure ta bayan tiyata, tana sa su gudawa da kumburi, amma kindirmo marar sukari yakan fi zama lafiya.

Nura: Ita kuma daga baya sai abin ya juya, bayan gida ya ƙi fita kwana da kwanaki.

Anti Rabi: Wannan kusan kowa na gamuwa da shi. Abinci ya ragu, ganye ya ragu, ruwa bai isa ba, ga maganin ƙarin jini da ke taurara bayan gida. Ka ga mun sake dawowa kan ruwa. Idan an kai matakin abinci mai laushi, miyar kuɓewa, miyar kuka, gwanda, wake da aka dafa ya yi lugub, duk suna taimakawa, tare da tattaki kullum. In an kwana uku shiru, likita na da maganin da ke tausasa shi. Roƙona ɗaya: kada a sayi maganin wankin ciki ko na basir a hannun masu talla a tasha. Ba a san abin da ke ciki ba, kuma gudawar da zai jawo za ta kwashe ɗan ruwan da aka wuni ana tarawa.

Hadiza: Tunda kin taɓo magani, na kemis fa? Mutum na jin ciwon baya ya aika a sayo masa.

Anti Rabi: Nan akwai haɗari sosai. Ibuprofen, diclofenac da danginsu suna iya haifar da gyambo a daidai inda aka jona tumbi da hanji, har ya yi jini ko ya huje. Mai baifas ya nisance su, sai in likitansa ne ya ce. Taba sigari da shisha ma haka suke yi. Paracetamol shi ne aka fi ba su. Masu silif kuma ƙwannafi ya fi damunsu, don haka kada a kwanta da an ci abinci, a bar awa biyu zuwa uku, a ɗaga matashi.

Hadiza: Abincin kansa fa, yaushe ake komawa tuwo?

Anti Rabi: Mataki mataki ne, ruwa-ruwa, sai markaɗaɗɗe, sai mai laushi, ana kai wa abinci sosai wajen mako shida zuwa takwas, gwargwadon tsarin likitan. Furotin ake fara ci, giram 60 zuwa 80 a rana: ƙwai, kifi, alale, awara, kaza mai laushi. Tuwo, burodi da shinkafa sukan cure su tsaya a ƙirji. Kilishi da tsire sai can gaba. Loma ƙarama, a tauna har ta narke, a ɗauki minti 20 zuwa 30 ana ci. Yawancin aman da nake gani daga sauri ne ko loma ɗaya da ta wuce kima.

Nura: Amma akwai aman da ba na sauri ba ko, Anti?

Anti Rabi: Akwai, kuma ina so a saurare ni da kyau a nan. Amai da ya ƙi tsayawa, ko ruwa ba ya zama, na iya nufin mahaɗar ta tsuke. Bayan haka, bitamin B1 da jiki ke ajiyewa ba ya wuce na mako biyu zuwa uku. In ya ƙare, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke taɓuwa: ruɗewa, gani biyu-biyu, tangaɗi, ƙafa ta mutu. Wani lahanin ba ya gyaruwa. Duk wanda ya je asibiti da irin wannan aman ya faɗa da bakinsa cewa an yi masa tiyatar rage ƙiba, don a ba shi B1 kafin a ɗaura masa ruwa mai sukari. Sannan zazzaɓi, bugun zuciya da ya haura 120 a minti, ciwon ciki mai tsanani ko ciwo a kafaɗar hagu a makonnin farko, wannan na iya zama ɗinki ne ke yoyo. Ba a kwana da shi a gida.

Hadiza: Wanda aka yi wa a waje kuma likitansa na can wata ƙasa.

Anti Rabi: Wannan ne ke hana ni sukuni. Wasu ma ɓoye tiyatar suke yi saboda surutun mutane, sai su zo asibiti ba su faɗa ba. Kafin a hau jirgi a nemi likita a gida wanda zai ci gaba da dubawa, a kuma dawo da rahoton tiyatar a rubuce. Akwai gwajin jini da za a riƙa yi, akwai bitamin na har abada, musamman B12 da na ƙarin jini. Saurin ramewa na kawo tsakuwa a maɗaciya, har wasu likitoci na ba da maganin rigakafi na wata shida. Masu baifas kuma sun fi fuskantar tsakuwar ƙoda, kuma babban rigakafinta shan ruwa ne.

Nura: Saura tambayar da aka fi yi mana a gida. Azumi fa?

Anti Rabi: Ka koma kan lissafinmu. Mutumin da ke buƙatar awa 14 yana kurɓa, yaya zai haɗa ruwan da abincin tsakanin magariba da asuba, ga barci? Sannan buɗa baki da dabino, kunu da lemo a cikin da ya wuni ba komai, damfin ne kai tsaye. Shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a bar azumi a watannin farko, da yawa har shekara. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya. A tambayi likita, a tambayi malami. Wanda aka ba izini daga baya ya buɗa da ruwa a hankali, ya jira, sannan ya ci furotin, ya kuma jinkirta sahur.

Hadiza: Mun gode, Anti Rabi, Allah ya saka da alheri. Nura, a gaida Yaya, Allah ya ƙara mata lafiya.

Nura: Amin, za ta ji.

Hadiza: Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.