Filin jirgi babu jirgi: me ya sa ba a bari a rufe shi?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani mai sauraro da ke cewa: ƙaramin filin jirgin saman yankinsu sai ya wuni jirgi ɗaya bai sauka ba, amma da an yi zancen rufe shi sai 'yan siyasa su tayar da jijiyar wuya. Mene ne dalili?

To malam, bari mu fara da lissafi. Filin jirgi yana samun kuɗinsa ne daga abin da jirage ke biya na sauka, da kuɗin da ake ɗora wa kowane fasinja, da hayar shaguna da wurin ajiye motoci. Amma ko jirgi ɗaya tak ne zai sauka, dole 'yan kwana-kwana su kasance a bakin aiki, da masu ba matuƙa umarni daga hasumiya, da jami'an tsaro, ga fitilun titin jirgi. Ɗawainiyar ba ta raguwa don fasinja ya ragu, giɓin kuma baitulmali ne ke cike shi.

Shi kuwa ɗan siyasa nasa lissafin daban. Filin jirgi abu ne da ake nunawa da yatsa ranar yaƙin neman zaɓe, kuma ba wanda yake so a ce a hannunsa aka garƙame ƙofar. Ku dubi Castellón a Sifaniya: an yi bikin buɗe filin a watan Maris na 2011, dab da zaɓe, alhali ba jirgin da zai sauka. Sai a watan Satumba na 2015 aka fara jigilar fasinja a kai a kai. A Siri Lanka, shugaba Mahinda Rajapaksa ya gina filin Mattala a gundumarsu ta Hambantota da bashin ƙasar Sin, aka buɗe shi a 2013. Shekara biyu bayan nan, buhunan shinkafar da gwamnati ta saya daga manoma aka jibge a ɗakin ajiyar kayan filin. Abin dariya, abin takaici.

Kada dai a ce duka son zuciya ne. Akwai ma'aikatan da ke cin abinci a wurin, shi ya sa gwamnatin Sikotlan ta sayi filin Prestwick a 2013 kan fam ɗaya kacal, gudun kada ya durƙushe.

Wata baiwar Allah kuma ta rubuto tana tambaya: shin irin waɗannan filaye suna da makoma?

Hajiya, wannan ya danganta da kamfanonin jirage, don su ba sa zuwa inda kujeru za su tashi wayam. Wasu filayen kan koma dakon kaya, ko gyaran jirage, ko horar da matuƙa. Amurka kuwa tun 1978 take biyan kamfanoni tallafi don su ci gaba da sauka a ƙananan garuruwa, kuma duk lokacin da aka kawo shawarar soke tallafin, 'yan majalisar waɗancan yankuna kan yi tsaye su kare shi.