Gargaɗin da aka rubuta domin alƙali: lacca a kan yawan kashedi da neman diyya

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, iyayena da malamaina, 'yan'uwa maza da mata, ina godiya da wannan dama. Abubuwa uku na yi niyyar kawowa: daga ina wannan ambaliyar gargaɗi ta samo asali a ƙasashen Turai da Amurka, me take yi wa kunnen mutane, sannan yadda hukumomi kan wuce gona da iri wajen taka tsantsan.

Kafin in shiga na farko, ku dubi wannan takarda da ke hannuna. Daga cikin kwalin maganin ciwon kai na ciro ta da safen nan. An ninke ta har sau shida, kuma idan na warware ta, kun gani, ta kusa kai tsawon kamu guda, gaba da baya cike da rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi. Don Allah wanda ya taɓa karanta irinta daga farko har ƙarshe ya ɗaga hannu. Mutum biyu, kuma ɗayansu na san mai harhaɗa magunguna ne. (Dariya.) A cikin wannan takarda akwai layi ɗaya da zai iya ceton rai, shi ne wanda ya ce kada a wuce adadi kaza a yini domin hanta na iya lalacewa. Amma an binne shi a tsakiyar layuka fiye da ɗari, da girman harafi ɗaya da sauran. Abin da nake so ku riƙe tun yanzu shi ne, mafi yawan wannan rubutu an yi shi ne domin ranar da za a tsaya gaban alƙali, kamfani ya ce ai mun faɗa. Maras lafiyar da ya kamata a yi wa magana an bar shi a baya.

To, na farko. Duk wanda zai yi magana a kan al'adar neman diyya sai ya ambaci Stella Liebeck, kuma mafi yawan masu ambatonta ba su san labarinta ba. Abin da ake yaɗawa shi ne wata mata a Amurka ta zuba wa kanta gahawa, ta kai ƙara, ta zama miloniya. Ku ba ni lokaci a kan wannan, domin yana ci mini rai.

A watan Fabrairun 1992, a birnin Albuquerque na jihar New Mexico, wannan dattijuwa mai shekara 79 ta sayi gahawa ta kwabo 49 na dala a wani shagon kamfanin sayar da abinci na McDonald's. Ba ita ke tuƙi ba. Jikanta ne ke tuƙi, kuma ya tsayar da motar domin ta zuba madara da sukari. Ta sa kofin tsakanin gwiwoyinta, ta ja murfin, gahawar ta kife a cinyarta gaba ɗaya. Wandon auduga ne a jikinta, ya tsotse ruwan ya manne shi a fata. A lokacin kamfanin yana umartar shagunansa su ajiye gahawa a zafin digiri 82 zuwa 88, alhali ruwa yana tafasa ne a digiri 100. Ruwa mai wannan zafi yana cinye fata har ƙasa cikin 'yan daƙiƙu. Iyaye mata da ke nan kun san bambancin shayin da ya ƙona harshe da tafasasshen ruwan da ya zubo wa yaro daga tukunya. Na biyun ne ya same ta. Kashi 6 cikin ɗari na fatar jikinta ya yi ƙuna mafi muni, ta kwana takwas a asibiti, aka yanko fata daga wani sashe na jikinta aka dasa mata, kuma ta shafe kimanin shekara biyu tana jinya.

Me ta nema? Dala 20,000, domin kuɗin asibiti da asarar da aka yi wajen jinyarta. Kamfanin ya ce zai ba ta dala 800. Ina maimaitawa, dala 800. Wannan ne ya kai su kotu a 1994, kuma a kotun ne takardun kamfanin da kansa suka nuna cewa a cikin shekara goma kafin nan mutum fiye da 700 sun kawo kukan ƙuna. Mutanen gari da aka zaɓo su yanke hukunci suka ce ita ma tana da kashi 20 na laifin, saboda haka suka rage diyyarta daga dala 200,000 zuwa 160,000. Sannan suka ɗora wa kamfanin tarar ladabtarwa ta dala miliyan 2.7, wadda aka lissafa a matsayin cinikin gahawarsa na kwana biyu kacal. Alƙali ya rage tarar zuwa dala 480,000, daga baya kuma ɓangarorin biyu suka sasanta a asirce. Miliyoyin da ake ta yi mata gori a kansu ba su taɓa shiga hannunta ba. Ta rasu a 2004, ana ta yi mata dariya a gidajen talabijin har ƙarshen rayuwarta.

Ga wurin da nake so mu tsaya. Kofin da ya ƙona ta yana ɗauke da gargaɗi tun asali. Akwai rubutu a jikinsa cewa abin da ke ciki yana da zafi. Masu hukunci suka duba suka ce rubutun bai isa ba. Kowa ya san gahawa tana da zafi, ita ma ta sani. Abin da ba ta sani ba, kuma kamfanin ya sani, shi ne zafin ya kai na a kwantar da mutum a yi masa dashen fata. Rubutun ya gaya mata abin da ta riga ta sani, ya yi shiru a kan abin da ba ta sani ba. Darasin da 'yan kasuwa da lauyoyinsu da kamfanonin inshora suka ɗauka daga irin wannan shari'a kuwa shi ne a ƙara rubutu, a ƙara masa girma, a manna shi a jikin kowane abu, saboda tawada ta fi gyaran kaya arha nesa ba kusa ba. Shi ya sa nake cewa idan kuka ga gargaɗi maras ma'ana, kada ku fara zagin wanda ya ji ciwo ya kai ƙara. Ku fara tambayar wa wannan rubutu yake karewa.

Na ga shugaban taro yana duba agogo, ranka ya daɗe ina sane. Na biyu, jihar Kalifoniya. A 1986 masu zaɓe suka amince da wata doka da aka fi sani da Shawara ta 65, wadda ta wajabta wa kamfanoni su sanar da jama'a idan kayansu na ɗauke da sinadarin da ke iya jawo ciwon daji ko illa ga haihuwa. Niyya ce mai kyau ƙwarai. Amma jerin sinadaran ya wuce 900, tarar saɓawa na iya kai dala 2,500 a kowace rana, kuma dokar ta ba kowane mutum damar shigar da ƙara ya sami kaso daga tarar. Babu wanda ake hukuntawa don ya yi gargaɗin da ba a buƙata. Idan kai ɗan kasuwa ne, me za ka yi? Sai ka manna takardar a ko'ina. Tana ƙofar otal, tana wurin ajiye motoci, tana jikin kujera da jaka da igiyar lantarki. A 2018 wani alƙali a Los Angeles ya yanke cewa gahawa ma sai an sa mata gargaɗin ciwon daji saboda wani sinadari da ke fitowa wajen gasa ƙwayarta, har sai da hukumar jihar da ke kula da dokar ta fito a 2019 ta cire gahawa daga wannan hukunci. Mutumin da yake ganin kalmar ciwon daji sau ashirin kafin azahar, ranar da ya gan ta a jikin abin da ke da haɗari na gaske, idonsa wucewa zai yi.

Wannan ba zato ba ne, likitoci sun auna shi a asibiti. Na taɓa jinyar wani ɗan'uwana a wani asibiti a ƙasar waje, kwana huɗu ina zaune gefen gadonsa. Na'urar da ke kansa tana ƙara idan ya juya, tana ƙara idan ya yi tari, tana ƙara idan abin da aka maƙala masa a yatsa ya zame. Daren farko duk ƙara sai in zabura in fita neman ma'aikaciyar jinya. A dare na uku, wallahi, na farka na tarar tana ta kuka ban san tun yaushe ba, kuma ni ɗan'uwansa ne na jini. Hukumar da ke tantance asibitocin Amurka ta fitar da sanarwa a 2013 cewa kashi 85 zuwa 99 cikin ɗari na irin wannan ƙara ba ya buƙatar a yi komai, kuma daga 2009 zuwa tsakiyar 2012 an kawo mata rahoton mutuwar mutum 80 da ke da alaƙa da ƙararrawar na'ura. Kunnen ɗan Adam yana da iyaka, kuma duk gargaɗin banza yana cin rabon na gaskiya.

Na huɗu, a'a, na uku ke nan ko? To, na uku, kuma zan gaggauta. A Ingila a 1995 wani saurayi mai shekara 18, John Tomlinson, ya yi tsalle da ka cikin wani tafki a wurin shaƙatawa, inda aka kafa allunan hana iyo, ya karya wuya ya shanye. Ƙaramar hukumar da ke da wurin, saboda tsoron ƙara, ta riga ta yanke shawarar binne rairayin bakin tafkin ta shuka ciyayi domin kowa ya daina zuwa. Saurayin ya kai hukumar ƙara, amma a 2003 babbar kotun ƙasar ta ce hukumar ba ta da laifi, kuma ɗaya daga cikin alƙalan, Lord Hoffmann, ya yi bayanin cewa ba daidai ba ne a hana dubban iyalai zama a bakin ruwa saboda baligin da ya zaɓi ya jefa kansa cikin haɗarin da yake gani da idonsa. A Japan kuma, bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011, an kwashe mutane fiye da 150,000, kuma hukumomi sun lissafa sama da mutum 2,000 a lardin Fukushima da suka mutu daga baya saboda wahalar ƙaura da yankewar jinya, akasarinsu tsofaffi. Garin gyaran gira aka taɓa ido. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma jami'in gwamnati ya san za a tuhume shi a kan haɗarin da ya bari, ba za a tuhume shi a kan alherin da ya hana ba.

Akwai hannu a baya. Bismillah, Baba.

(Wani dattijo ya ce: Malam, duk wannan kukan masu ƙoshi ne. Mu nan wa ya taɓa yi mana gargaɗi, kuma wa ya taɓa biyan mu diyya?)

Baba, Allah ya ƙara girma, kun yi gaskiya, kuma ba na so kowa ya fita daga nan ya ce na ce doka ba ta da amfani. A Birtaniya a 1974, shekarar da aka kafa dokar kare lafiyar ma'aikata, ma'aikata 651 ne suka mutu a bakin aiki. A 'yan shekarun nan adadin bai kai 150 a shekara ba. Diyya kuma mu ba baƙuwarmu ba ce, shari'ar Musulunci ta sa raƙuma ɗari a kan ran da aka kashe bisa kuskure, ta kuma ɗora wa dangi su taya biya. Matsalarmu ita ce samunta. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. Sai a 2009 aka yi sulhu na dala miliyan 75 da gwamnatin jiha, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, shekara goma sha biyar bayan an binne yaran.

Amma game da gargaɗi, Baba, ina ganin ciwon namu da nasu suna da jijiya ɗaya. Ku tuna Majiya a jihar Jigawa, watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi da dare, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Talauci da tsadar mai suna cikin abin da ya kai su wurin, ba na musun haka. Sai dai ku dubi kowace tanka da ke bin hanyar Kano zuwa Haɗeja: akwai gargaɗi a jikinta da manyan haruffa, da Turanci, an rubuta shi domin jami'in da ke ba da lasisi ya gani. Ba ya gaya wa saurayin da ke riƙe da bokiti abin da bai sani ba, wato tururin fetur ne ke kamawa, yana da nauyi fiye da iska, yana bin ƙasa yana kwarara cikin kwata, kuma tartsatsi ɗaya daga nesa ya isa ya tayar da shi. Wannan magana ba ta fi numfashi biyu ba da Hausa. Liman zai iya faɗinta bayan sallar Juma'a, gidan rediyo zai iya faɗinta kafin labaran ƙarfe shida, kuma malaman firamare da na gani a layi na uku za su iya faɗinta ranar Litinin da safe. Shugaban taro ya miƙe, saboda haka tambaya ta gaba sai bayan sallah.