Daenerys ba ta canza hali ba, mu ne muka ƙi gani

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Yaya Auwal da Nura, kuma maganar ƙarshen shirin talabijin mai dogon zango Game of Thrones za mu taɓo. Tun watan Mayun 2019 aka rufe shirin, amma har gobe in ka ambaci zango na 8 sai ka ga fuskoki sun ɓaci. Yaya, kai ne ka ce kana da ra'ayin da zai sa a yi maka ca.

Auwal: Ina da shi kuwa. Ban yarda Daenerys, sarauniya mai dodanni masu fitar da wuta, ta canza hali ranar da ta ƙone babban birnin King's Landing ba. Da halinta ta zo tun farko.

Nura: Haba Yaya! Matar da ta 'yanta bayi gari bayan gari?

Auwal: Ta 'yanta, ban musa ba. Amma ka tuna birnin Meereen a zango na 4. Ta tarar an gicciye yara bayi 163 a bakin hanya, ita ma ta gicciye iyayengiji 163, ba shari'a, ba tantance mai laifi. Daga baya Hizdahr, wani ɗan manyan garin, ya zo ya ce mahaifinsa na cikinsu, alhali shi ya yi adawa da kashe yaran. A zango na 7 kuma Randyll Tarly da ɗansa Dickon, an riga an ci su da yaƙi, suka ƙi durƙusa mata, ta sa dodonta Drogon ya babbake su, mashawarcinta Tyrion na roƙonta. Muka yi ta murna saboda ba ma son waɗanda wutar ke ci.

Nura: To ai nan ne bambancin. Waɗancan abokan gaba ne. A King's Landing an kaɗa ƙararrawa, sojoji sun zubar da takubba, gari ya miƙa wuya. Sannan ta bi mata da yara lungu-lungu. Ni a ranar kashe talabijin na yi, raina ya ɓaci ƙwarai.

Hadiza: Ni ina ganin inda aka kai ta daidai ne, hanyar ce aka yanke. Zango shida na farko kashi goma-goma ne, na 7 aka yi bakwai, na 8 shida kacal. Amintaccenta Jorah ya mutu a kashi na 3, a na 4 aka harbo dodonta Rhaegal aka sare kan aminiyarta Missandei a gabanta, a na 5 ta ƙone gari. Cikin mako uku fa! Ba a bar mu mun zauna da ita cikin kaɗaicin nan ba, mu ga yadda zuciya ke bushewa a hankali.

Auwal: Wannan na yarda. Kuma littattafan George R. R. Martin da aka gina shirin a kansu sun ƙare wa masu shirin, na biyar tun 2011 ya fito.

Hadiza: Nawa ra'ayin ya fi naka zafi, Yaya. Komawar Jaime wurin Cersei, 'yar'uwarsa kuma masoyiyarsa da ke mulkin King's Landing, ta fi komai gaskiya a zangon.

Nura: Hadiza! Mutumin da ya rasa hannu, ya shiryu, ya naɗa Brienne jarumar yaƙi da takobinsa?

Hadiza: Shi ɗin dai. Mu 'yan kallo so muke wanda ya tuba ya miƙe sambal. Amma wa a cikinmu bai san wanda ya bar mugun abu shekaru, dangi suka yi hamdala, rana ɗaya ya koma ba? Alherin da Jaime ya yi a yaƙin Winterfell bai goge ba don ya mutu rungume da ita a ƙarƙashin ɓaraguzai.

Nura: Jaime zan iya sake tunani a kai. Amma hawan Bran Stark mulki a ƙarshen shirin, wannan kam ba wanda zai lallashe ni. Zango na 5 gaba ɗaya ko fuskarsa ba a nuna ba.

Auwal: A nan ba ni da abin kare masu shirin, Nura.